Na sayi babbar risiba amma kunnena bai ji bambanci ba, ina matsalar take?

Nura_Fim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma ina so a ba ni amsa tsakani da Allah. Na daɗe ina amfani da ƙaramar risiba (na'urar da ke karɓar sautin fim ta rarraba wa sifikoki) mai layi biyar, wato mai ɗaukar sifika biyar, sai kwanan nan na haɗa ƙarfina na sayi babba mai layi tara, an rubuta wat 140 a kowane layi. Na bar sunan kamfanin da gangan don kada zancen ya koma rigimar wane ya fi wane. Sifikokina su ne na da: biyu a gaba, ta tsakiya, biyu a baya, da wufa ɗaya (sifikar bes, mai fitar da sauti mai kauri). Na jona komai na saka fim, abin da na ji kusan shi ne abin da nake ji a da. Maganar 'yan wasa ma har yanzu sai na ƙara murya nake kama ta, in an zo wurin harbe-harbe kuma in yi sauri in rage. Shin manyan risibobin nan suna ne kawai, ko akwai abin da ban kunna ba?

Injiniya_Sabo: Wa alaikumus salam Malam Nura. Kafin komai, makirufon nan da ya zo a cikin kwali, ka jona shi ka yi awon ɗaki?

Nura_Fim: Ban yi ba tukuna, Injiniya. Nisan sifikoki na kwafo daga tsohuwar na shigar da hannu.

Injiniya_Sabo: To rabin abin da ka saya yana nan cikin kwalin. Mu fara da maganar wat, don ita ce ke ruɗa mutane. A ce tsohuwarka wat 70 ce. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) yake ƙara maka, wato ɗan ƙari da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wannan kuwa wat ninki goma ke nan. Sannan ka duba sifikarka. Mai desibel 88 a wat ɗaya daga nisan mita ɗaya, in kana zaune mita uku daga gare ta kana kallo da murya ta yau da kullum, ko wat ɗaya ba ta cika ci ba, sai in an zo fashewa ko tsawa ta ja wat gommai na ɗan lokaci. Tsohuwar tana iya wannan, sabuwar ma haka, shi ya sa kunnenka ya ce duk ɗaya ne. Inda babbar ta fi ita ce ƙwaƙwalwar da ke auna ɗaki ta gyara sauti. Denon da Marantz suna zuwa da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Anthem na da ARC, wasu kuma irin su NAD da Arcam da manyan Onkyo suna ɗaukar Dirac Live. Ko wanne ne a taka, ba ya aiki sai ya ji ɗakin da makirufo.

Baffa_Lado: Injiniya, lissafinka daidai ne amma ka rage wa mutumin daraja kayansa. Wat 140 ɗin da ake rubutawa layi biyu kawai ake kunnawa a auna, a om 8 (om ma'aunin yadda sifika ke hana wuta wucewa ne). Ƙananan kuma wani lokaci layi ɗaya ake kunnawa, a om 6, a bar murɗewar sauti ta kai kashi 10 cikin ɗari, don lambar ta kumbura a jikin kwali. To ka ga ba ma'auni ɗaya ba ne. Ranar da layi biyar ko bakwai suka nemi wuta lokaci guda, a nan ake gane girman taransifoma. Ƙaramar sai sauti ya takure ya yi kaifi, babbar kuma ta wuce da shi a sake. Ni sifikokina na gaba om 4 ne, kuma ɗakin babba ne, na ji wannan bambancin ƙarara.

Injiniya_Sabo: Ban musa ba, Baffa. Om 4 da babban ɗaki wani lamari ne. Amma Malam Nura bai ce mana sauti na takurewa ba, cewa ya yi ba ya jin magana.

Maman_Hanifa: Ni ma wurin maganar nan na tsaya. Malam Nura, ina ka ajiye sifikar tsakiya? Kusan duk maganar fim daga ita take fitowa. In tana cikin kabad ƙarƙashin talabijin, an tura ta ciki, muryar sai ta riƙa dukan katako tana fitowa a dishe. Jawo ta har bakinta ya zo daidai gefen katakon, ka ɗan ɗaga gabanta ta kalli kunnen mai zaune, ba gwiwarsa ba. Tebur mai gilashi a gabanta ma yana ɓata ta. Tamu da muka yi mata haka, ko taɓa rimot ba mu yi ba maganar ta fito.

Nura_Fim: Hajiya, a cikin kabad ɗin take kuwa, tare da risibar.

Sadiq_Wufa: Risibar ma a cikin kabad?? Yaya Nura fito da ita yau ɗin nan, don Allah.

Baffa_Lado: Sadiq ya yi gaskiya. Yawancin manyan nan amfilifayarsu irin wadda ake kira AB ce, suna fitar da zafi ko ba a buɗe murya ba, ga guntayen HDMI su ma da nasu zafin. Ramukan da ke samanta don iska aka yi su. Kada a ɗora mata dikoda ko na'urar wasa a kai, a bar mata sarari sama da gefe yadda littafinta ya ce. In dole sai kabad, a cire bayansa a sa ƙaramar fanka mai jan iska waje. Zafi ba ya kashe ta rana ɗaya, a hankali yake busar da kafasitoci, sai wata rana ka ga tana ɗaukewa da kanta tsakiyar fim.

Auwal_HD: Tunda an zo maganar ɗaukewa, tawa tana yin haka duk lokacin da na ƙara murya, fitilar gaba ta riƙa ƙiftawa ja. Kuma a fili take, ba zafi.

Injiniya_Sabo: Malam Auwal, kashe ta ka cire daga soket, ka haska bayanta da tocila. Sau da yawa silin waya ɗaya ne ya zame daga ja ya taɓa baƙi ko ya taɓa ƙarfen jiki. A ƙaramar murya ba ta damu ba, da ka buɗe sai ta kare kanta. Duba bayan sifikokin ma. In duk lafiya, cire sifikoki ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka gano wadda ke jawo abin.

Ummi_Zee: Ni ban gane amfanin duk wannan wahala ba. Sandar sauti ɗaya a ƙarƙashin talabijin, waya ɗaya, an gama, kuma ita ma an rubuta Atmos a jikinta, tsarin nan da sauti ke zuwa har daga sama.

Sadiq_Wufa: Anti Ummi, sandar tana harba sauti sama ne ya daki silin ya dawo, ta yaudari kunne. In silin ɗin shafaffe ne kuma bai yi tsawo ba, tana ɗan yi. Amma sifika huɗu na gaske a sama, jirgi ya taso daga bayanka ya bi ta kanka ya wuce gaba, wannan sai kin zauna kin ji. Ga wanda ba ya son wayoyi dai sandar ta wadatar, ban raina ta ba.

Kawu_Tanimu: Ku yara kun tafi Atmos, mutum bai ma auna ɗaki ba. Nura, ga yadda za ka yi. Ka jira lokacin da gida ya yi tsit, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Makirufon a kan sandar kyamara ko abin da ya zo da shi, bakinsa na kallon sama, tsayinsa daidai kunnenka in kana zaune. Kada ka riƙe a hannu, kada ka ɗora a kan matashin kujera. Awo na farko a ainihin inda kake zama, don da shi take lissafa nisa da ƙarfin kowace sifika. Sauran wuraren kusa da na farkon, kada ka kai shi lungun ɗaki don wai wani na zama can. Ka yi duk adadin da ta nema, wasu takwas ne, wasu sun fi. Kai kuma ka matsa daga tsakanin sifika da makirufo.

Auwal_HD: Injiniya, Allah ya saka da alheri. Silin waya ɗaya ne a bayan sifikar hagu. Yanzu ta daina.

Garba_4K: Akwai abin da ba wanda ya tambaya. Malam Nura, daga ina fim ɗin ke fitowa, kuma da wace waya sautin ke shiga risibar? In manhajar cikin talabijin kake amfani da ita kuma wayar haske ce ta haɗa su, iyakarta Dolby Digital ko DTS na da, mai layi 5.1. In kuma talabijin ɗin an bar shi a PCM, layi biyu kawai yake turowa, risibar ce ke rarraba shi da dabara. Ka duba fuskar risibar ko ka danna maɓallin bayani a rimot, za ta gaya maka abin da ke shigowa. ARC na HDMI (ba na Anthem ba), wato hanyar da talabijin ke mayar da sauti zuwa risiba, yana ɗaukar Dolby Digital Plus, wanda da shi Netflix da irinsu ke turo Atmos. TrueHD da DTS-HD na faifan Blu-ray kuwa sai eARC, sabon nau'in ARC, ko ka jona na'urar kai tsaye a risiba. Wasu talabijin ma sam ba sa wuce DTS.

Nura_Fim: Na duba, Malam Garba. PCM 2.0 take nunawa. Wayar haske ce tun ta tsohuwar.

Garba_4K: To ka gani. Sifikarka ta tsakiya ba ta taɓa samun layinta na asali ba. Sa HDMI daga ramin da aka rubuta eARC a talabijin zuwa na fita a risiba, ka kunna eARC a duka biyun, ka sauya fitar sauti daga PCM zuwa wucewa kai tsaye. Dole kuma CEC, tsarin da ke sa na'urori su sarrafa juna ta HDMI, ya kasance a kunne a yawancinsu, Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync.

Maman_Hanifa: CEC ɗin nan shi ne ciwon kaina. Ka kunna abu ɗaya, uku su tashi, ko risiba ta sauya mashiga da kanta ana tsakiyar kallo.

Garba_4K: Hajiya, yawanci na'ura ɗaya ce a cikin jerin ke rikita sauran. Kashe CEC a dikoda da na'urar wasa, ki bar shi tsakanin talabijin da risiba kawai.

Sadiq_Wufa: Masu wasan bidiyo kuma a lura in za a sayi ta hannu. Wasu daga risibobin farko masu HDMI 2.1 da suka fito a 2020 sun kasa wuce hoton 4K mai 120 a daƙiƙa daga Xbox Series X, allo sai ya yi baƙi, sai a waɗanda suka fito daga baya aka gyara. A tambayi shekarar da aka ƙera ta. A kuma duba bayanta a ga wutar da take ci, don wadda aka yi wa kasuwar Amurka volt 120 ce, yawanci ba ta sauyawa da kanta. Ka soka ta a 230, ta tafi.

Alhaji_Mudi: Ni shawarata ga Nura ya canza wayoyin sifika. Babbar risiba da ƙananan wayoyi ba sa tafiya tare. Na sa masu tsada na ji sauti ya buɗe.

Injiniya_Sabo: Ranka ya daɗe, a nan zan saɓa maka. Abin da waya ke buƙata kauri ne da tagulla zalla. Geji 16 (ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri) ya isa gajeren nisa, 14 in za a ja ta zuwa bayan ɗaki ko sama. Abin gudu shi ne alminiyam da aka shafa wa tagulla, don ya fi hana wuta wucewa kuma yana saurin karyewa. In tsofaffin wayoyinka sirara ne ko bakinsu ya yi tsatsa, to lallai za ka ji canji, amma kaurin da sabon baki ne suka yi aikin.

Alhaji_Mudi: Injiniya, kai da na'urar awo kake ji, ni da kunnena. Mu bar shi a haka.

Nura_Fim: 'Yan uwa na dawo. Na fito da risibar, na jawo ta tsakiya gaba, na sa HDMI, yanzu tana nuna Dolby Digital Plus, wani fim ɗin ma Atmos. Na yi awo yadda Kawu ya ce. Magana ta fito sosai, wannan kam babu shakka, kuma na baya sun fara aiki yadda ban saba ji ba. Amma abu uku sun ɗaure min kai. Ta sa na gaba a Large, wato ta ɗauke su manya masu iya fitar da bes da kansu. Ta ce wufa tana nisan mita shida alhali ba ta kai huɗu ba. Kuma bes ya ragu ƙwarai, har na fi jin daɗin na da ta wannan fannin.

Kawu_Tanimu: Madalla. Nisan wufar kada ka taɓa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wufa tana da nata injin a ciki da ke ɗan jinkirta sauti, risibar ta ji jinkirin ta mayar da shi nisa don su iso kunnenka tare da sauran. Na gaba kuwa mayar da su Small, ka sa kurosoba a 80, wato duk sautin da ke ƙasa da Hz 80 (ma'aunin kaurin sauti, ƙaramar lamba ta fi kauri) a tura wa wufa. Wannan ita ce iyakar da THX, masu tsara ma'aunin sautin sinima, suka tsayar tun da daɗewa, kuma tana sauke wa risibar nauyi mai yawa. Kana iya ɗaga kurosoba sama da abin da awo ya bayar, amma kada ka saukar da shi ƙasa.

Baffa_Lado: Kawu, manyan sifikoki masu tsayawa a ƙasa fa? Ni nawa a 60 na bar su, sun fi haɗuwa da wufar a haka.

Kawu_Tanimu: In sun kai, babu laifi, Baffa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da nake hana shi shi ne Large, don a nan wufar ba ta samun komai daga layin gaba.

Injiniya_Sabo: Maganar raguwar bes kusan kowa na yin ta bayan awon farko. Ɗaki na da nasa muryoyin da yake kumburawa. Mai tsawon mita biyar, alal misali, yana ƙarfafa wajen Hz 34 da ninkinsa, kuma in kujerarka na manne da bangon baya abin ya fi yawa. Ka saba da wannan kumburin, awo ya yanke shi, sai ka ji kamar an ƙwace maka wani abu. Na biyu, ana haɗa sautin fim a babbar murya, desibel 85 da sararin 20 a sama, shi ne 0 a ma'aunin risibarka bayan awo. Kusan ba mai kallo a nan a gida, yawanci -20 ko -15 ake yi, kunne kuma in murya ta yi ƙasa bes ne yake fara ɓace masa. Akwai saitin da ke rama wannan, a Audyssey sunansa Dynamic EQ, a Yamaha YPAO Volume. Kunna shi. In bai ishe ka ba, ƙara wa wufa desibel 3 daga cikin risiba, ba daga maɓallin bayanta ba. Ka kuma duba lambar da ta ba wufar. A da yawa daga cikinsu -12 ne ƙarshe, in ka ga haka to ka rage maɓallin wufar ka sake awo.

Maman_Hanifa: Da dare kuma, in yara sun yi barci, akwai saitin da ke matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa. Ina sa shi a mafi sauƙi. Da rana ina kashewa don yana danne fim.

Dr_Hadiza: Tunda an ambaci 0, ina roƙon masu son kaiwa can su yi hattara, musamman da yara a ɗaki. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka shi ne awa takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti goma sha biyar ke nan. Babbar risiba ba ta murɗe sauti, don haka ba ka jin ya yi yawa sai ka kashe ka ji kunne na ƙugi.

Alhaji_Mudi: Ni duk gyaran ɗakin nan ba na sa shi in zan ji kiɗa. Pure Direct nake dannawa, sifika biyu, babu wufa, babu lissafi. Goge da murya sun fi fitowa da rai.

Injiniya_Sabo: Akwai hanya ta tsakiya, Alhaji. Ɓarnar ɗaki mafi yawa a ƙasa take, daga wajen Hz 300 zuwa ƙasa. Manhajar Audyssey ta waya da Dirac duk suna bari ka ce gyara ya tsaya a 300 ko 500, sama kuma a bar sifika da muryarta. Mutane da yawa da ba sa son gyaran, saman ne ba sa so.

Ummi_Zee: To ni dai tambayar farko nake so a amsa. Duk abin da ya gyara, waya da wurin ajiye sifika da awo, ashe tsohuwar ma da za ta yi? Ke nan da kuɗin ya tafi kan sifikoki da ya fi.

Sadiq_Wufa: Rabi da rabi, Anti. Matsar da ta tsakiya kyauta ne. Amma tsohuwa mai layi biyar ba lallai tana da eARC ba, kuma ƙananan ba sa gyara bes da kyau, wasu ma ba sa taɓa wufa. Sannan yanzu yana da layi huɗu a zaune ba aiki. Ya sa huɗu a sama ya koma 5.1.4, wato biyar a ƙasa, wufa ɗaya, huɗu a sama, abin da tsohuwar ba za ta taɓa yi ba. Atmos ya shigo sinima a 2012, ya iso risibobin gida a 2014, yanzu finafinai masu shi sun yi yawa.

Baffa_Lado: Ni da ni ne, wufa ta biyu zan fara saya kafin na sama. Manyan risibobi na da mafita biyu ko huɗu na wufa masu zaman kansu, kowacce da nisanta da ƙarfinta. Biyu a wurare daban suna cike ramukan juna, sai bes ya zama ɗaya a duk kujerun, ba mutum ɗaya ya ji gidan na rawa na kusa da shi bai ji komai ba. Awo yana iya yanke kumburi, amma ba ya iya cike rami. Akwai kuma ramukan fita zuwa amfilifaya ta waje, in wata rana ya sayi sifikoki masu cin wuta.

Kawu_Tanimu: Ni kuma ina tare da Ummi fiye da yadda kuke zato. Sabon inji ne aka sa wa mota mai tsofaffin tayoyi. Sifika uku na gaba su ne ke yin muryar da kake ji, kuma sukan yi shekara ashirin suna aiki, risiba kuwa HDMI na sauyawa ta tsufa. Wanda bai saya ba tukuna, ya fara da sifika da wufa, ya ɗauki matsakaiciyar risiba mai kyakkyawan awo.

Auwal_HD: Layi huɗun da suka rage, ba zai iya ba na gaba layi bibbiyu ba? Na ga ana yi.

Injiniya_Sabo: Ana yi, amma taransifoma ɗaya ce ke ciyar da duka, ribar kaɗan ce. Gara ya kai su sama.

Nura_Fim: Na mayar Small da 80, na kunna saitin da Injiniya ya ce, na ƙara wa wufa 3. Bes ya dawo, kuma ya fi tsabta, ina jin bugu ɗaya-ɗaya maimakon gurnani. Amma na lura a kujerar gefe kusan babu shi, kamar yadda Baffa ya faɗa. Ko sabuwar ta cancanci abin da na kashe, har yanzu ina auna wannan, don maganar Kawu ta tsaya min a rai. Yanzu dai silin ɗina na kankare ne, ba zan iya fasa shi ba. Na saman za su yi a bango?

Sadiq_Wufa: Za su yi, Yaya. Kafa biyu can saman bangon gaba, biyu saman na baya, ka karkato su su kalli kujera, ka gaya wa risiba na tsayi ne ba na cikin silin ba. Na bayanka na yanzu kuma ka sauko da su kusa da tsayin kunne, don a sami tazara tsakanin ƙasa da sama.

Baffa_Lado: Kafin ka huda bango, gwada wannan, ba ya cin ko sisi. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, saka kiɗa mai bes da ke maimaituwa, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bes ya cika kuma bai yi gurnani ba, nan za ka ajiye ta, sannan ka sake awo. Faɗa mana tsawo da faɗin ɗakin, da inda ƙofa take.